Ɗanyen Shuni a Hasumiyar Darzuma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya raba wa kowane abu launinsa, ya kuma ba ɗan Adam ƙafafun da ke kai shi inda hankalinsa bai aike shi ba. Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji labarin Nomau ɗan Korau, marini jikan marina, wanda ya bar gida neman ja, ya komo ba ja ba shuɗi, sai ransa kawai, shi ma da ƙyar.

Ni ne Nomau ɗin. Tun da wuri gara in faɗa muku gaskiya, ni ba jarumi ba ne. Kare ma in ya yi haushi a bayan gari, nan take nake tuna wani aiki da na bari a tsakar gida. Saboda haka duk inda kuka ji na ce na tsorata a labarin nan, kada ku ɗauka adon magana ne.

Abin da ya fitar da ni daga garinmu wani ƙyalle ne da bai kai tafin hannu ba. Wani falke ne ya kawo shi marinarmu, ja wur. Muka dafa shi, muka jiƙa shi a ruwan toka, muka shanya shi a rana wata guda cur, bai koɗe ba ko kaɗan. Falken ya ce a birnin Darzuma ake rina irinsa, can bakin Tekun Hayaƙi, bayan hamada uku. Daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Na cika jakar fata da curin baba, ganyen nan da muke rina shuɗi da shi, don in ba marinan can iliminmu su ba ni nasu. Na yi sallama da mutanen gida, na kama hanya.

Shekara uku ina tafe. Na ƙetare Hamada Mai Kuka, inda rairayi ke rusa kuka a ƙarƙashin ƙafar mutum, sai da na toshe kunnuwana da auduga kafin in iya taka shi. Na yi shekara guda a wani garin majema ina wanke fatu, a nan na koyi Larabci irin na kasuwa. A hamada ta uku kuwa na tarar da abin da ba wanda ya ba ni labarinsa, wato yaƙi. Na ga doguwar hanyar ƙarfe an tumɓuke ta, ga jirgin ƙasa kwance a gefensa, angulaye na shiga ta tagoginsa suna fita. Ina tsaye baki buɗe, sai wani abu mai fiffike ya keto sama yana ruri, ya saki wuta a kan wani tudu. Ban san sa'ad da na faɗa cikin wata busasshiyar rijiya ba. A ciki na wuni, ba abin da nake iya karantawa sai farkon Fatiha, in na kai tsakiya in koma farko.

Daga rijiyar nan wasu Larabawa mahaya raƙuma suka zaro ni. Babbansu wani dogo ne mai tabo a leɓe, sunansa Hazza. Da ya ga hannuwana shuɗi har gwiwar hannu, sai ya ja da baya ya ce ko dai annoba ce, ko kuwa alamar da abokan gaba ke yi wa 'yan leƙen asirinsu, kuma duk wanda ya tabbata a ciki, rijiyar ta ishe ni kabari. Hannuna ne ya yi mini magana. Na zaro curin baba guda, na tofa masa yawu, na goga a wuyan farar taguwarsa, sai ga zane shuɗi shar. Suka duba wuyan taguwa, suka duba hannuna, suka tuntsire da dariya. Hazza kaɗai bai yi dariya ba, don taguwar tasa ce. Ya ɗaure ni a bayan sirdi ya kai ni gaban shugabansu.

Shugaban nan shi ne Shaihu Dahham ɗan Mijlad, siririn dattijo mai sanyin murya. Kafin ya tambaye ni sunana, da hannunsa ya miƙo mini ruwa. Ku riƙe wannan a ranku, don ni har yau ban manta ba.

A zangonsa na gane yadda yaƙin yake. Wasu mutane da ake kira Kazarawa sun mulki ƙasar Larabawan nan shekara ɗari uku. Sai wasu daulolin Turawa biyu, Holbar da Marsanda, suka shiga yaƙi da Kazarawa, suka ce wa Shaihu ya tashi da mutanensa ya taimake su, in an ci nasara ƙasar tasa ce tun daga duwatsu har bakin teku. Ya tashi, aka yi shekara biyu ana gwabzawa, yanzu Kazarawa na gudu. Saura a san wanda zai zauna a Darzuma.

Ina gefen tanti wata rana da hantsi, ina gyara wa Shaihu wani tsohon rawani, aka yi gardamar da ta kusa hallaka ni daga baya. Akwai wani Bature na Holbar da ke zaune da su, Manjo Aldrik, mai sa tufafin Larabawa, mai cin abinci da hannu a akushi ɗaya da su. Shaihu ya shimfiɗa takardu biyu a gabansa.

"Wannan kai ka kawo mini ita, da hatimin sarkinku," in ji Shaihu. "Ta ce Darzuma tamu ce. Wannan kuwa ta faɗo hannuna ne ba da sonku ba. Ku kuka rubuta wa junanku, ku da mutanen Marsanda, ta ce Darzuma tasu ce. Ya Manjo, wacce ce ƙaryar?"

"Babu ƙarya a ciki, ya Shaihu," in ji Manjo, idonsa na kan tabarma. "Riƙo ne kawai. Za su riƙe muku birnin har ku saba da mulki."

"Mutum dubu huɗu na binne tsakanin duwatsu da nan. Ina binne su ba wanda ya ce mini in dakata sai na saba."

"Ba ni na rubuta ta biyun ba."

"Na sani. Ta farkon ka kawo mini, kana murmushi." Shaihu ya naɗe takardun a hankali. "Ka aika wa abokanka. Juma'a ta sama zan shiga Darzuma, tutar birnin kuma kore za ta zama, launinmu."

Ni dai na ce a raina wannan rigimar manya ce, ba ruwan marini. Washegari na nemi izini, Shaihu ya ba ni guzuri da takardar wucewa, na shiga Darzuma da murnata.

Murnar ba ta kai azahar ba. Kazarawa sun fice kwana uku kafin zuwana, sun tafi da marinan ja duka a ɗaure, sun farfasa tukwanensu don kada wani ya gaji sirrin. Na zauna a kan fasassun tukwane na yi kuka irin na wanda ya yi tafiyar shekara uku a banza. A nan wata tsohuwa ta same ni, Ummu Rayya, shugabar matan da ke saƙa a birnin. Ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta ce, "Kai marini ne? To, ɗana, da ka sani ka ɓoye hannuwan nan."

Ta nuna mini wata doguwar hasumiya a tsakiyar gari, ta gaya mini al'adarsu. Duk sa'ad da mulki ya sauya a Darzuma, matan birni kan saƙa farin ƙyalle guda ɗaya tak, kamu arba'in. A cikin birni ake rina shi da launin sabon mai mulki, a hau da shi hasumiya yana jiƙe, a sake shi ya ɗiga a kan ƙasar gari. Mai mulki ya tara hannu ya karɓi ɗigon, daga nan birni ya zama nasa. In ba a yi haka ba, ko da dakarun duniya mutum ya zo, ba mai sayar masa da gurasa, ba mai kai masa ƙara. Ƙyallen yana nan sun gama saƙa shi. Marini ne babu, don shekara ɗari uku ja kaɗai aka yarda a rina a garin, masu rina shi kuma an tafi da su.

Ba a yi la'asar ba Hazza ya iso. Ya tsaya a ƙofar Ummu Rayya bai ko sauka daga raƙumi ba.

"Mai shuɗin hannu, Shaihu na gaishe ka. Ya ce ran Juma'a ta sama kafin azahar yana son ya ga kore a kan hasumiya."

"Allah ya ja zamanin Shaihu, ai ni shuɗi kawai..."

"Shaihu bai ce komai game da wuyanka ba," in ji Hazza. "Ni nake faɗa."

Washegari da safe kuma wasu sojojin Marsanda suka zo suka tasa ni gaba har bakin ruwa, suka jefa ni a kwale-kwale. Tekun nan ba banza aka sa masa suna ba. Kullum tun asuba wani farin hayaƙi ke rufe shi, ba ka ganin ko tsawon sanda, sai rana ta take tsaka ya yaye gaba ɗaya. Muna cikin hayaƙin sai ga wani bango na ƙarfe ya tsaya a gabanmu, ashe jirgin yaƙi ne. Aka hau da ni gaban mai jirgin, Kaftin Orvel, gajere mai tsabtar farce, yana riƙe da agogo a hannu.

Da karyayyen Larabci ya ce ya san al'adar tutar, kuma ba ya son mulkin garin da ba za a sayar wa sojansa gurasa ba. Tutar Marsanda shuɗiya ce, ruwan sararin sama. Ya jira har hayaƙi ya yaye, ya nuna mini wata tsohuwar ganuwar Kazarawa a kan wani tsibiri, ya ɗaga yatsa ɗaya. Igwa ta tashi. Da na ɗago kaina daga inda na kife, babu ganuwa, tsibirin ma ya ragu.

"Ran Juma'a ta sama, sha biyu daidai, hayaƙi zai tafi, zan duba hasumiya," in ji shi. "In na ga shuɗi, ba wanda zai ji ciwo. In na ga wani launi, ko na ga ba komai, daga hasumiyar zan fara, in bi gari unguwa-unguwa. Ina jin kai ne za ka kasance a samanta, ko?"

Ƙyalle ɗaya, launi biyu, wuya ɗaya. Na koma gidan Ummu Rayya. Na gwada gudu, ba zan ɓoye muku ba. Ƙofar gabas mutanen Hazza ne, yamma kuwa ruwa ne da jirgi. Na shiga cikin buhunan gawayi a bayan wani jaki, jakin ya yi tutsu ya zubar da ni a gaban masu gadi, suka rako ni gida suna dariya. Ummu Rayya ta dube ni baƙi ƙirin da gawayi ta ce, "In ka gudu, ba tuta. In ba tuta, jikokina goma sha ɗaya suna ƙarƙashin igwar nan. Zauna ka yi aikinka, ko Allah ya kawo mafita."

Ba don na ga mafita ba na haɗa ruwan rini, sai don hannuna ya samu abin yi. Muka samo wani babban kwami na dutse, na zuba baba kusan duka, na tace toka, na rufe. Kullum safe da yamma in ɗauki muciya in motsa, in sansana, in rufe. Abinci in na sa a baki sai ya zama kamar auduga. Duk wanda ya buga ƙofa, sai in laɓe a bayan kwami. Kwana bakwai ruwan ya nuna, kumfa ta taso a kansa mai ƙyalli.

Ranar Laraba na yagi wani ɗan tsumma na tsoma don gwaji, na bar shi ya sha, na ɗago shi. Ummu Rayya na tsaye a kaina, sai ta rangaɗa guɗa.

"Kore! Wallahi kore ne! Ashe ka iya, kake wahalar da mu?"

Ta ruga ta kira maƙwabciyarta. Kafin su dawo tsumman ya zama shuɗi a hannuna. Tsohuwa ta ja da baya tana neman tsari, ta ce wane irin sihiri ne wannan. Na ce mata ba sihiri ba ne, haka baba yake. Duk abin da aka ɗago daga ruwansa kore yake fitowa kamar ɗanyen ganye, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi. Tun ina rarrafe nake ganin haka a marinarmu, ban taɓa ɗaukarsa abin kallo ba.

Ina cikin faɗa sai na ji maganar tawa da kunnena. Muka dubi juna.

"Ƙyalle mai kauri, kamu arba'in," in ji ta a hankali, "zai daɗe yana kore?"

"Gwargwadon a sha shayi a tashi, Inna. In iska ba ta da ƙarfi."

Ta ce ya isa. Ta ga naɗin sarakunan Kazarawa uku, kowannensu taɓa ɗigon kawai yake yi ya wuce, don kada ya ɓata rigarsa. Shaihu zai iso kafin rana ta take tsaka, ya ga kore, ya tara hannu, ya shige masallaci da mutanensa. Kafin hayaƙi ya yaye tuta ta juye, mai jirgi ya ga shuɗi. Kafin a sallame salla ni kuma na lulluɓe da mayafi cikin mata na ɓace. Na tuna ruwan da Shaihu ya miƙo mini, na ji kunya ta kama ni. Amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, na ce to.

Ran Juma'a muka naɗe ƙyallen a cikin wani kwami na itace, ruwan rini ya rufe shi ruf, muka lulluɓe da fatu don kada iska ta taɓa shi. Mata goma sha biyu suka hau da shi matakala ɗari da tara. Suka taya ni ɗaura bakinsa a igiya ta ƙarƙashin ruwa, suka sauka, aka bar ni ni kaɗai. Yamma duk fari fat da hayaƙi. Ta gabas kuwa ga raƙuma sun shigo gari, mutane sun cika rufin gidaje. Na jira har Shaihu ya iso gindin hasumiya, na yi bisimilla, na ja igiya, na tura ƙyallen waje.

Ya warware yana zubar da ruwa, kore shar tun daga sama har ƙasa. Ihun da birnin nan ya yi, sai da na ji hasumiya na rawa a ƙarƙashina.

Shaihu ya sauka daga raƙumi ya tara hannu, ɗigo ya cika masa tafi. Na ce a raina, madalla, sai ka wuce, ga masallaci can. Bai wuce ba. Ya durƙusa ya sa goshinsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, kafaɗunsa na girgiza. Dattijon nan kuka yake yi. Mun auna kaurin ƙyalle, mun auna iska, mun auna hayaƙi, ba mu auna mutumin da ya binne dubu huɗu kafin ya iso wurin ba. Da ya tashi, sai ya juya ya fara kiran sunayen kabilun da suka yi yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, kowacce a amsa masa da kabbara.

Na duba gefen tutar, ya fara duhu.

Na ruga matakala, na tarar mutanen Hazza sun cika ƙofar ƙasa, ba inda allura za ta bi. Na komo sama da rarrafe. Na cire rigata ina ƙoƙarin kare ƙyallen daga iska, ku ji wauta, riga ɗaya a kan kamu arba'in. Shuɗin ya taso daga gefe ya bi ninki-ninki yana cin koren a gaban idona. Sai na ji ihun ƙasa yana mutuwa, daga bayan taro zuwa gaba, har ya zamana muryar Shaihu kaɗai ake ji. Shi ma ya tsaya. Bai ɗaga kai ba tukuna, tafin hannunsa ya duba. Ya zama shuɗi.

Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Sai muryar Hazza ta tsaga shi, yana rantsuwa zai jefo ni daga sama gunduwa-gunduwa. Na ji Shaihu ya tsawata masa. Daga nan sai takun mutum ɗaya a matakala, a hankali, irin na tsoho. Na ƙirga takun nan duka ɗari da tara, ina zaune cikin kwami.

Shaihu ya fito yana haki, takobi a hannunsa.

"Sihiri ne?" ya tambaye ni.

"A'a, ranka ya daɗe. Iska ce. Haka shuninmu yake yi."

"Ka san zai yi haka."

"Na sani."

Na kwashe labarin jirgi da igwa da sha biyun rana na gaya masa, rabi da Larabci rabi da kuka. Ya taka zuwa bakin hasumiya ta yamma. Daidai lokacin hayaƙin ya fara yayewa. Ga jirgin, bakunan igwa duk suna kallonmu. Amma ba shi Shaihu ya ƙura wa ido ba. Tsakanin jirgi da gaɓa, kwale-kwale ne sun fi talatin, cike da sojoji, sun riga sun ci fiye da rabin hanya. Tun cikin hayaƙi aka sako su, tun kafin wani ya ga launin da ke kan hasumiya. Can ƙasa na hango Manjo Aldrik a gefen taro, ya cire rawanin Larabawan da yake sawa ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Shaihu ya ɗaga takobi. Na runtse ido na yi shahada, na bi da Fatiha, wannan karon har ƙarshe. Da na ji ban mutu ba na buɗe, sai na ga kaifin a kan igiyar tuta ya ɗora shi. In ya yi sara ɗaya tuta ta faɗi, igwa za ta tashi. Ya dubi rufin gidaje cike da mata da 'ya'yansu, ya dubi jirgi. Zaren igiya ɗaya ya tsinke a ƙarƙashin kaifin, na ji ƙararsa.

"Marini," ya ce, bai juyo ba, "akwai yadda za a yi ya koma kore?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Sai dai a mayar da shi cikin ruwan, a danne shi a ƙasa. Muddin yana can kore ne."

"Inda ba mai ganinsa."

"Inda ba mai ganinsa."

Sannan ya janye takobin ya mayar kube. Sha biyu ta yi, ta wuce, igwa ba ta tashi ba.

Da kansa ya sauko da ni, yana riƙe da wuyan hannuna, ya ratsa da ni ta tsakiyar mutanensa. Hazza ya sha gabanmu, idanunsa jajir, ya ce a ba shi ni, a kuma ba shi izini ya tari kwale-kwalen a bakin ruwa. Shaihu ya ce masa, "A bakin ruwa igwarsu za ta same mu, ta sami garin. Yaƙin bai ƙare ba, ya Hazza, wurinsa ne ba nan ba." Ya sa aka ɗora ni a raƙumi, ya ce in ya bar ni a birni, ko dai mutanensa su yayyaga ni, ko Turawa su rataya mini lambar yabo, shi kuwa ba ya so ya ga ko ɗaya. Muka fita ta ƙofar gabas ba a harba ko harsashi ɗaya ba, sojojin Marsanda na shigowa ta yamma. Na hango Ummu Rayya a kan rufinta, jikokinta kewaye da ita, ba ta ɗaga mini hannu ba, ni ma ban ɗaga mata ba.

Kwana biyu muna tafiya ba wanda ya yi mini magana. A wata rijiya inda hanyar ƙasarmu ta rabu da ta duwatsu, Shaihu ya sa aka kira ni. Ya ɗebo ruwa ya miƙo mini da hannun nan nasa mai shuɗi. Na karɓa, na kasa sha.

"Wannan zai goge?" ya tambaye ni, yana kallon tafinsa.

"Zai goge, ranka ya daɗe. Kwana goma, in ya daɗe sha biyar. In ana so ya yi sauri, a sami toka da lemun tsami..."

"Ba saurin nake tambaya ba. Akwai sauran abin nan a jakarka?"

Curi uku suka rage mini, na zazzage masa su duka. Ya sa na nuna masa yadda ake jiƙa shi a goga. Ya ɓalli kaɗan, ya tofa yawu, ya murza a tsakiyar tafinsa a kan tsohon shuɗin har ya ƙara duhu, sauran ya ƙulle a bakin rawaninsa.

"Za su sake zuwa da takarda," ya ce. "In na miƙa hannu zan karɓa, ina so in fara ganin wannan."

Nan muka rabu, ban sake jin labarinsa ba. Na komo gida bayan wata shekara biyu, jaka wayam, na koma bakin marinarmu na ɗauki muciyata. Abokan sana'a sun sha yi mini tsiya, suna cewa ina jan da na tafi nema, ni kuwa in yi dariya in ƙyale su. Abu ɗaya ne suka kasa gane mini. In aka ɗago zane daga ruwa, kowa kan juya ya kama wani aiki har ya sha iska. Ni sai in tsaya in zuba wa koren ido, ba na ko ƙiftawa, har ya tafi.

Iyakar abin da Nomau ɗan Korau ya gani ke nan, ya kuwa faɗa muku har da inda bai yi abin kirki ba. Allah ya yafe mana, ya yafe wa wanda ya ba mu ruwa.